Tawili a Tafsirin Littafi Mai Tsarki: Asalinsa a Ibadar Kiristocin Farko

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tawili, wato neman baɗinin aya a bayan zahirinta, ya kafu a ibadar Kiristocin farko tun kafin malamai su tsara masa ƙa'ida.

Dalilin Tawili

Ikkilisiyar farko ta gaji Attaura da Zabura da littattafan annabawa daga Yahudawa, alhali ta bar kaciya da hadayar dabbobi. To, yaya za a karanta su a taron sujada? Markiyon ya ce a yi watsi da su ɗungurungum, aka kore shi daga ikkilisiyar Rum a shekarar 144. Sauran malamai sai suka bi sawun Manzo Bulus, wanda a wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ɗauki Hajaratu da Saratu a matsayin misalin alkawari biyu. Ta haka ƙetare Bahar Maliya ya zama ishara ga baftisma, ragon Idin Ƙetarewa kuwa ishara ga Almasihu.

Malaman Afirka

A Iskandariya ta Masar ne wannan hanya ta sami tsari. Orijin, wanda aka haifa wajen 185, ya koyar da cewa nassi yana da jiki da rai da ruhu kamar ɗan Adam. Agustin, Bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya daɗe yana raina Tsohon Alkawari, sai wa'azin Amburos a Milan ya warware masa shubuha ta hanyar tawili, aka yi masa baftisma a 387. A fassararsa ta labarin Basamariye nagari, wanda 'yan fashi suka raunata Adamu ne, Basamariyen Almasihu, masaukin kuwa ikkilisiya.

Ja-in-ja da Antakiya

Malaman Antakiya sun ga haɗari: idan kowace kalma na iya nufin wani abu dabam, wa zai taka wa mai wa'azi birki? Tiyodo na Mofsuwestiya, wanda ya rasu a 428, ya riƙe tarihi da zahirin lafazi, har zabura huɗu kacal ya yarda annabci ne kai tsaye a kan Almasihu. Agustin kuwa ya sa tasa iyakar: duk fassarar da ba ta ƙara ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, kuskure ce.

Kammalawa

Gadon bai tsaya a Arewacin Afirka ba. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi fice a cikinsa, mai wa'azi da Hausa ke fuskantar tambayar da ta raba Iskandariya da Antakiya. Haka kuma a daren Ista, cocin Katolika, a Kakuri kamar ko'ina, yana karanta labarin ƙetare Bahar Maliya kafin a yi baftisma. Jeranta waɗannan biyu shi kansa tafsiri ne, ko da limamin bai ce uffan ba.