Wasiƙa

wàsīƙā̀ sn., mc.; jam. wàsī̀ƙū, wasīƙōƙī. Daga Lar. wathīƙa.

1. Saƙo a rubuce, da ajami ko boko, zuwa ga wanda ke nesa. Mis.: *Wasiƙar ɗanta ta iso Katsina ana tsakiyar girbin gero.*

2. wasiƙar soja: wadda soja ke aikowa gida daga fagen fama, musamman ta 'yan Arewa da suka yi yaƙin Bama (1943-1945) a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A wancan lokaci galibi wani ke rubuta wa sojan. A gida malami ko ɗan makaranta ya karanta wa iyali a zaure, mata na saurare daga ciki. Cikinta gaisuwa ce, sai tambayar damina, kuɗin haraji da lafiyar tsofaffi. Mis.: *Baba, ina gaisuwa da fatan alheri, a noma mini gonar fadama, kada a sayar da jakin.* A lokacin, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo (Zariya, 1939) takan buga irin waɗannan wasiƙu.

3. (tarihi) Takardar sanarwa ga jama'a, kamar Wathiƙatu Ahlis Sudan ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Dangi: buɗaɗɗiyar wasiƙa, akwatin wasiƙa.

Dubi: takarda, ambulan, kan sarki, gidan waya.