Adadi Mafi Maimaituwa: Amfaninsa a Kasuwa da Haɗarinsa a Ƙidayar Shekaru a Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba adadi mafi maimaituwa, ɗaya daga cikin ma'aunan tsakiya uku na ilimin ƙididdiga, ta auna shi da harkar awo a Yako ta ƙaramar hukumar Kiru da kuma bayanan shekarun jama'a. Ta nuna cewa ma'aunin yana faɗin gaskiya a kan farashi, amma yana iya yaudarar mai bincike a kan shekaru.

Gabatarwa

Karl Pearson, masanin ƙididdiga na Ingila, shi ya raɗa wa wannan ma'auni suna a 1895. Hanyar gano shi ba ta da wuya: a jera alƙaluma, a ƙirga sau nawa kowanne ya fito, wanda ya fi fitowa shi ne amsa. Saboda sauƙin nasa ne littattafan makaranta kan wuce shi da sauri su koma kan matsakaici, wanda ake tarawa a raba. A ganin mai wannan nazari, gaggawar nan kuskure ce.

Farashin Kasuwa

Manomin da ya kawo masara daga Doguwa ko shinkafa daga Tudun Wada, tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa kasuwa ta kama yau?" Abin da yake nema shi ne kuɗin da yawancin 'yan awo suke kira. A ɗauki misali na koyarwa: 'yan awo bakwai a Yako sun kira kwanon masara a naira 1,500 sau huɗu, sai 1,450, da 1,600, da wani mai irin shuka da ya ce 2,400. Matsakaici zai ba da kusan 1,636, kuɗin da babu wanda ya kira shi, domin mai irin shukar ya ja lissafin sama. Adadi mafi maimaituwa kuwa 1,500 ne, kuma shi dillali zai faɗa. Haka nan idan ana son sanin amfanin gonar da aka fi nomawa a gefen madatsar Tiga ta Bebeji, shi kaɗai ke aiki, tunda ba a tara masara da rake a raba biyu.

Sai dai in aka haɗa farashin kaka da na tsakiyar damina a jeri ɗaya, ƙololuwa biyu za su fito, kuma tilas a ba da rahoton dukansu.

Shekarun Jama'a

A nan ne matsalar take. Masana yawan jama'a sun daɗe da lura cewa a ƙidayar Nijeriya, har da ta 1991 da ta 2006, shekaru na cunkushewa a kan masu ƙarewa da 0 da 5. Wanda ba shi da takardar haihuwa, in aka tambaye shi, sai ya ce "talatin" ko "arba'in". Idan 30 ta fito a matsayin mafi maimaituwa a wani ƙauye, abin da aka auna shi ne ɗabi'ar masu amsawa, domin an zuba 'yan 28 da 'yan 32 a kwano ɗaya. Ma'aunin Whipple yana gwada girman wannan cunkoso tsakanin shekaru 23 zuwa 62: 100 na nufin babu cunkoso, 500 kuma kowa ya faɗi shekara mai 0 ko 5.

Shawara

Mai tattara bayanai a wannan yanki ya riƙa jingina tambayarsa da abin da mutane ke tunawa, kamar ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ko farin 1973, ko kisan Janar Murtala a 1976, sannan ya kasa shekarun rukuni-rukuni na biyar-biyar kafin ya nemi mafi maimaituwa. Malaman lissafi a sakandaren Kiru da Bebeji kuma su tura ɗalibai kasuwa ranar da take ci, su rubuto farashin kwano daga bakin 'yan awo, a yi darasin da shi.