Ingila, Mai Rinjaye Marar Majalisa

Tun haɗewarta da Scotland a 1707, Ingila ta narkar da sunanta cikin na Birtaniya, har mutanenta suka daina bambance su. A 1999 Scotland da Wales suka buɗe majalisunsu, aka bar Ingila da majalisar Westminster ta kowa da kowa. A ganina wannan ya farkar da kishinta. Wasu za su ce ai farar tutar Ingila mai jan gicciye ta cika filayen ƙwallo tun gasar Turai ta 1996. Haka ne, amma ƙorafin siyasa daga baya ya yi ƙarfi, musamman a 2004, da ƙuri'un wakilan Scotland suka taimaka aka ƙara kuɗin karatu a jami'o'in Ingila, dokar da ba ta shafi mazaɓunsu ba.