Idon Mai Kyamara da Gaskiyar Hoto: Darasi Daga Nipomo

Masu ɗaukar hoto don adana tarihi suna yawan iƙirarin cewa su 'yan kallo ne kawai, abin da suka tarar shi suka ɗauka. Wannan maƙala na ganin iƙirarin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Duk wanda ya san ana kallonsa sai ya gyara zama, kuma mai kyamara yana da hannu a cikin abin da ya fito.

A watan Maris na 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Dorothea Lange ta tsaya a sansanin masu tsinkar wake a Nipomo, jihar Kalifoniya, tana aiki wa wata hukumar gwamnati. A nan ta ɗauki hoton Florence Owens Thompson, mace mai shekara 32, wanda ya zama tambarin wannan zamani. Ba sau ɗaya ta ɗauka ba. Jerin hotunan ya nuna tana matsowa kusa, tsarin zaman yana sauyawa. A na farko-farko ana ganin tanti da babbar 'yar matar. A wanda ya shahara an bar uwa ta tallafe haɓa, jariri a cinya, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun juya wa kyamara baya. A 1939 ma an goge babban yatsanta da ya fito a gefe.

To, wannan ya mayar da hoton ƙarya? A'a. Talaucin da ke fuskar Thompson ba Lange ce ta zana shi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai hoton shaida ce ta haɗuwar mutum biyu, ɗaya na da ikon zaɓe, ɗaya ba ta da shi. Da aka gano ko wace ce matar a 1978, Thompson ta nuna takaicin cewa hoton ya zaga duniya ita ko kwabo ba ta samu ba.

Saboda haka abin da ya wajaba ga mai wannan sana'a shi ne ya daina ɓoye sawunsa: ya nemi izini, ya daɗe da mutane har su saki jiki, ya kuma bayyana yadda aka yi hoton. Manazarci kuwa ya riƙa neman sauran hotunan jerin kafin ya yanke hukunci da guda ɗaya.