Mu'ujiza Ce Ko Aikin Likita? Daga Lambar Agana Zuwa Hayar Mahaifa

Yau daga Auyo nake magana. Shirin namu na tarihi ne, amma gardama ce ta haife shi.

Juma'ar da ta wuce muna zaune a majalisa bayan la'asar, sai wani abokinmu ya miƙo waya. Hoton wata baiwar Allah ce rungume da jariri. An ce ta daɗe tana neman haihuwa, a ƙarshe wata mace ce daban ta ɗaukar mata cikin, abin nan da ake kira hayar mahaifa. A ƙasan hoton kowa "mu'ujiza" yake rubutawa. Nan take majalisa ta rabu biyu, wasu na cewa ai mu'ujizar ce, wasu na cewa haramun ne tsagwaronsa. Har aka kira magariba ban ji wanda ya tambayi halin da matar da ta yi naƙudar take ciki ba. Wannan ne ya hana ni barci, shi ya sa na ce bari mu koma baya mu ga yadda irin waɗannan abubuwan suke faruwa.

Mu fara da kalmar kanta. Mu'ujiza daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta gajiyarwa ne, wato abin da ya gagari kowa. A Islamiyya an koya mana cewa abu ne da ya saɓa wa al'ada, wanda Allah ke bayyanawa a hannun annabi don tabbatar da gaskiyarsa. In a hannun waliyyi ya bayyana, sunansa karama. Haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba, da samuwar Annabi Yahaya bayan Annabi Zakariyya ya tsufa tukuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su, irin wannan babin ke nan. Ku lura da abu ɗaya: ba a buɗe makaranta a koyar da mu'ujiza. Ba a yi mata farashi. Ba a gwada ta sau ɗari ta ƙi kafin ta yi. Ku riƙe wannan ma'aunin, da shi za mu auna sauran.

Ku tambayi kakanninku labarin agana. In ta shiga gari, yara take fara ɗauka, wanda ya tsira kuma ya tashi da zanzana a fuska, wani ma da makanta. Ku duba damtsen dattijan gidanku, za ku ga wani ɗan tabo zagayayye. Lamba ke nan. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya gwada rigakafin farko. Amma tun kafin shi 'yan Afirka sun san wata dabarar: wani bawa da aka sa wa suna Onesimus a birnin Boston na Amurka shi ya faɗa wa ubangidansa yadda ake tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin agana don kariya, aka kuma yi amfani da dabarar a annobar 1721. Duk da haka sai da aka ƙara kusan shekara ɗari biyu bayan Jenner. A ƙarshen 1966, a gabashin Najeriya, allurar ta yi wa wani likita mai suna William Foege ƙaranci, sai ya koma yi wa waɗanda ke kewaye da mara lafiya kawai, kamar yadda ake share ciyawa a gaban gobarar daji. Dabarar ta yi aiki, duniya ta ɗauka. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Najeriya, a 1977 aka ga ta ƙarshe da ta yaɗu tsakanin jama'a a Somaliya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita. Ga tsohuwar da ta binne 'ya'ya saboda agana, in ta ce abin kamar mu'ujiza, wallahi na fahimce ta. Amma masu allura ne suka bi ƙauye-ƙauye, masu unguwanni suka tara jama'a, iyaye mata suka miƙa damtsen 'ya'yansu.

Na biyu ya fi kusa da mu mutanen fadama: kurkunu. Duk wanda ya sha ruwan kududdufi a da ya san shi. Sai kusan shekara ta zagayo tsutsar ta fara fitowa a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin aikin gona, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, magidanci na kwance gona na cin ciyawa. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu mutum sama da 650,000 ɗauke da kurkunu a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu a lokacin. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 aka ba Najeriya shaidar rabuwa da shi. Abin mamakin, har yau kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe shi, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta sa hannu, Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙauyuka, amma matan da suka tace ruwa kullum safiya su suka ƙarasa aikin.

Na uku, yoyon fitsari. Mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan jariri ya danne har nama ya mutu, ta tashi fitsari na zuba ba tsayawa, sau da yawa ga rashin ɗa ga takardar saki. Likitan da ake yawan ambata a tarihin ɗinkin wannan ciwo shi ne James Marion Sims na jihar Alabama. To ku ji yadda ya koya. Tsakanin 1845 da 1849 ya riƙa gwaji a jikin bayi mata baƙaƙe, ba tare da maganin kashe zafi ba. Tarihi ya riƙe sunan uku: Anarcha, Betsey da Lucy. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau talatin. Shi aka gina wa mutum-mutumi a New York, sai a 2018 aka ɗauke shi daga inda yake saboda wannan tarihin. A nan Arewa kuma, a farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina, ya tarar da matan nan ba mai kula da su, ya koma ɗinka su, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. A jiharmu, tun 2008 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take aiki a babban asibitin Jahun, ana karɓar haihuwa mai wuya, ana ɗinka masu yoyon fitsari. Matar da ta shekara tana wanke zani a ɓoye, ranar da ta tashi a bushe, wace kalma za ta ishe ta? Amma ma'auninmu fa? An koya, an maimaita, an sha faɗuwa, kuma akwai waɗanda suka biya da jikinsu.

Yanzu mu dawo kan hoton majalisa. Hayar mahaifa ta zamani 'yar dashen ciki ce, wanda likitoci ke kira IVF: a haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, in ya fara girma a mayar cikin mahaifa. Ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, ita ce ta farko. Mutum uku suka yi aikin: Robert Edwards, Patrick Steptoe da Jean Purdy. Kusan shekara goma suna gwadawa, mata sama da ɗari biyu suka ba da kansu, yawancinsu suka koma gida hannu rabbana. Edwards ya samu kyautar Nobel a 2010. Purdy, macen cikinsu, an daɗe ana mantawa da sunanta. A Najeriya, a 1998 aka haifi Hannatu Kupchi a asibitin Nisa da ke Abuja ta wannan hanyar, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Har gobe ba kowane dashe ke kamawa ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Malamai ma ba su yi shiru ba. A 1986 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman, ta halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa in buƙata ta kama, ta kuma haramta shigo da mutum na uku, har da saka cikin a mahaifar wata mace, saboda kare nasaba. Ni ba malami ba ne, mai neman fatawa ya je wurin masu ita. Abin da nake nunawa shi ne, malaman sun zauna sun tambayi yadda abin yake, suka rarrabe wannan da wancan. Da mu'ujiza ce, ai babu abin yi wa hukunci.

Sannan ga ita mai ɗaukar cikin. Garin Anand na Indiya ya yi suna da wannan harka: matan talakawa na ɗaukar wa masu kuɗi ciki, har da 'yan ƙasashen waje. Ƙorafin cin zali ya yi yawa, a 2021 Indiya ta yi dokar hana yin sa don kasuwanci. Mu a nan, in mai ɗaukar cikin ta yi jijjiga ko jini ya ɓalle mata, wa zai tsaya mata? Ita ba ta cikin hoton, kamar yadda Anarcha ba ta cikin mutum-mutumin.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. A ƙarshen 2024 sashen binciken BBC ya bankaɗo wata damfara a jihar Anambra. Ana karɓar maƙudan kuɗi a hannun mata masu neman haihuwa, a yi musu allurai ciki ya kumbura, a ce musu suna da cikin mu'ujiza wanda na'urar asibiti ba ta gani, kar su je ko'ina a duba su. Ranar "haihuwa" a ba su abin da zai gusar da hankali, su farka a miƙa musu jaririn wata. Kun ga aikin da kalmar ta yi? Ita ta rufe bakin tambaya. Kar mu ce can Kudu ne. A kasuwanninmu ma akwai mai lasifika da jarka yana rantsuwa cewa maganinsa na haihuwa sha yanzu magani yanzu ne, kuma mace ce kullum ake ɗura wa, alhali sau da yawa matsalar daga mijin take.

To ina matsayata? Wadda Allah ya ba haihuwa bayan dogon jira, ta yi sujada ta ce Alhamdulillahi, ta ce ikon Allah, ni ma zan taya ta. Allah ne mai warkarwa, shi ya ba likita basirar, kuma riƙo da sababi ba ya rage tawakkali. Mu'ujiza kuwa mu bar wa annabawa kayansu. Dalilina na gida ne. Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a nan Auyo, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyi, sai da kwalekwale ake fita wasu ƙauyukan. Mai naƙuda in ta isa asibitin Haɗejiya da rai mu ce mu'ujiza, in ta cika a hanya mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma tsakanin kalmomin nan biyu, ba a tambayi kowa ina ungozomar asibitin ƙauyen ba, ina jinin da za a ƙara mata, ina kuɗin da aka ware wa lafiya. Abin da aka san yadda ake yin sa, ana iya neman a yi shi a Auyo, kuma ana iya tuhumar wanda ya ƙi yi.

Aikin gida na wannan makon: ku je wurin dattijo ko dattijuwar gidanku, ku roƙa a nuna muku lambar damtse, ku tambayi wa ya zo ya yi musu, a ina aka tara su, me mutane suka ce a lokacin. Ku rubuto mana abin da suka faɗa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba masu nema 'ya'ya masu albarka, ya sauki masu ciki lafiya.