Kashin Shanu da Layin Wuta: Abin da Ya Raba Gonar Kazaure da ta Jamus

A ranar 1 ga Janairun 1991 wata doka ta fara aiki a Jamus, wadda ta wajabta wa kamfanonin lantarki sayen wutar da ƙananan masu samarwa suka haɗa daga iska, rana, ruwa ko gas ɗin kashin dabbobi. A watan Agustan shekarar aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa suka faɗa cikinta. Yau Jamus na da tashoshin irin wannan gas fiye da 9,000, akasarinsu a gonaki. A arewa maso yammacin Jigawa kuwa, inda shanu da awaki ba su yi ƙaranci ba, sayar wa kamfani wuta bai taɓa zama sana'ar manomi ba.

Rashin sanin fasahar ba shi ne dalili ba. Tun a shekarun 1980 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Sakkwato take gwajin rumbunan da ake dama kashin shanu da ruwa a rufe, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi, ya fitar da gas mai kamawa da wuta. Zafin ƙasar Hausa ma taimako ne, domin a Turai sai an ɗumama rumbun. Amma an fi kallon abin a matsayin madadin itacen girki, kamar yadda Indiya da Sin suka yi da miliyoyin rumbunan gida.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka gina layin wutar Nijeriya. Daga hukumar ECN ta farkon shekarun 1950, zuwa madatsar Kainji a 1968, zuwa NEPA a 1972, tsarin ɗaya ne: babbar tasha can nesa, wuta ta gangaro hanya guda har ta iso ƙauye, in ta iso. Ba a zana taransifoma ko mita da tunanin wata rana wutar za ta juyo daga gona ba. Dokar 2005 ta wargaza NEPA ta kafa hukumar NERC, a Nuwamban 2013 kuma aka miƙa rabon wutar Kano, Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Mai shi ya sauya, zanen bai sauya ba.

Ƙofar ta fara buɗewa a 2012, da ƙa'idar da ta halatta haɗa tasha kai tsaye da layin kamfanin rabawa, sai ƙa'idar ƙayyadadden farashi ta 2015, wadda aka yi wa ɗinkin dokar Jamus ta 2000, mai lamunce wa manomi farashi na shekara 20. Sai dai an yanka rigar ne daidai tashoshin da suka kai megawat ɗaya zuwa sama, kuma a nan lissafi ya kan ba da kunya. Saniyar gida tana yin kashi kamar kilo 10 a rana. Garken shanu 100, in an kwashe kashinsa duka, zai ba da abin da bai wuce kilowat uku na wuta dare da rana ba. Megawat ɗaya na bukatar dubban shanu masu yawa a wuri guda, a ɗaure. Shanun Babura kuwa yini suke a daji, wasu har ƙetaren iyakar Nijar, kashin dare kaɗai ake samu. Ga ruwan damawa, wanda yakan kai nauyin kashin, a ƙasar da rijiya ke ja da baya da bazara.

Kashin ma ba yasasshe ba ne. Tun kaka da kakanni manomi ke gayyatar Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi don taki, har ya biya shi da hatsi. Rumbun gas yana mayar da takin, mai kyau ma, amma a ruwa-ruwa, wanda ya fi wahalar ɗauka a amalanke.

Akwai kuma tarnaƙin da takarda ba ta warwarewa. Janaretan da ke jone da layi dole ya tafi daidai da bugunsa, ya kuma yanke kansa nan take in an ɗauke wuta, don kada ya kashe ma'aikacin da ya hau fal. Ke nan manomi ba zai sayar ba sai lokacin da akwai wuta, wato lokacin da aka fi ƙarancin bukatarsa. A Oktoban 2024 Arewa ta kwana fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layuka. Da akwai irin wannan injin a Roni, da bai tura ko kilowat ɗaya ba a tsawon kwanakin, sai dai mai shi ya ƙona gas ɗin a iska. Kenya ta haɗa tashar gonar Gorge da ke Naivasha da layinta, amma wannan katafariyar gonar kasuwanci ce mai kimanin megawat biyu.

Hankalin hukuma ya fi karkata ga manyan ayyuka, irin filin da aka ware a Gwiwa don tashar hasken rana mai megawat 1,000. Abin da ya fi kusa da girman manomi shi ne tsarin ƙananan layuka da ƙa'idar 2016 ta soma, wanda ya ba ƙauye ko kasuwa damar samun layinta, kuma wanda bai wuce kilowat 100 ba rajista kawai yake bukata. A irin wannan layi gas yana da gurbi: hasken rana ya ɗauki yini, gas ɗin da aka tara ya ɗauki magariba zuwa dare, injin niƙa da firjin mai shago su zama masu saye. Mahauta da wuraren turke, inda kashi ke taruwa da kansa, sun fi gonar mutum ɗaya dacewa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin shekarar sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka farashin da za a biya mai kilowat uku yanzu magana ce da za a iya yankewa a Dutse.