Daga ELIZA zuwa Woebot: shekara 60 ana neman na'urar da za ta saurari damuwar ɗalibi

A 2018 aka wallafa sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya shafi ɗaliban ajin farko kusan 14,000 a jami'o'i 19 na ƙasashe takwas, har da Afirka ta Kudu. Kusan ɗaya cikin uku sun nuna alamun wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin shekarar da ta gabata: ciwon damuwa, fargaba mai tsanani, ko shaye-shaye. To, ka auna wannan adadi da ɗan ofishin ba da shawara na jami'a, mai ma'aikata ƙalilan, wanda ake rufewa da yamma. Wannan giɓi ne ake ta neman a cike da na'ura, kuma neman ya girmi wayar da ke hannunka nesa ba kusa ba.

A 1966, Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya fitar da bayanin wata manhajar hira mai suna ELIZA. Aikinta ba wani mai zurfi ba ne. Takan nemi wata kalma a cikin abin da ka rubuta, ta juya maganar ta mayar maka da ita a matsayin tambaya. Ka ambaci mahaifiyarka, sai ta ce ka ƙara ba ta labarin iyalinka. Salon masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ta kwaikwaya, saboda a salon nasa mai ba da shawara sauraro ya fi yi. ELIZA ba ta fahimtar komai, amma mutane suka riƙa faɗa mata sirrinsu. Weizenbaum ya ba da labarin yadda sakatariyarsa, wadda a gabanta aka rubuta manhajar, ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita. Abin ya tayar masa da hankali, har ya rubuta littafi a 1976 yana jan kunne. Shi kuwa Kenneth Colby, likitan ƙwaƙwalwa a Stanford, gani ya yi an samo hanyar da kwamfuta ɗaya za ta kula da marasa lafiya masu yawa. Gardamar mutanen nan biyu ita ake maimaitawa har yau, sunayen kawai ake sauyawa.

Su kuma ɗalibai ba su jira kwamfuta ba. A 1970 aka buɗe Nightline a jami'ar Essex ta Ingila: layin tarho da ɗalibai 'yan sa-kai ke zama a kansa cikin dare, suna sauraron 'yan uwansu ba tare da tambayar suna ba. Riƙe waɗannan abubuwa biyu, mai karatu, dare da ɓoye suna, domin kusan duk abin da aka ƙera daga baya su yake ƙoƙarin samarwa.

Wajajen 1980 Morton Wagman ya gwada wata manhajar ba da shawara a kan ɗaliban jami'ar Illinois ta tsarin kwamfutocin PLATO. Amma abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne wanda aka yi a jami'ar Cornell a 1986. Jerry Feist, jami'in kula da harkokin ɗalibai, da Steve Worona na sashen kwamfuta, suka buɗe wani dandali mai suna Dear Uncle Ezra, wato kamar ka ce wasiƙa zuwa ga Kawu Ezra, sunan da aka aro daga Ezra Cornell wanda ya kafa jami'ar. Ɗalibi zai zauna gaban ɗaya daga kwamfutocin da aka ajiye a harabar makaranta, ya rubuta tambayarsa ba suna, sannan a saka tambayar da amsarta inda kowa zai karanta. Tambayoyin sun haɗa da na wasa da na soyayya da na wanda ya fara tunanin halaka kansa. Mai amsawa mutum ne, ma'aikacin jami'a da aka ɓoye ko wane ne. Dabarar a nan ita ce saka amsar a fili: ɗalibi ɗaya ya tambaya, ɗari da ke jin kunyar tambaya suka karanta, suka kuma ga ashe ba su kaɗai ba ne. Kawu Ezra ya shafe fiye da shekara 20 yana amsa wasiƙu.

Da intanet ya yaɗu sai aka koma ga cire mutum daga tsakani. Hanyar magani da ta fi dacewa da hakan ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake taƙaita sunanta da CBT, domin tana tafiya darasi-darasi: ka gano tunanin da ke jefa ka cikin ƙunci, ka auna shi da hujja, ka gwada wani. A 2001 Helen Christensen da Kathleen Griffiths na Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya suka buɗe shafin MoodGYM kyauta, da darussa biyar, matasa ne kuma abin nufinsu. Gwajin da aka wallafa a 2004 ya nuna yana rage alamun ciwon damuwa.

Sai dai akwai wani adadi da ya kamata duk mai shirin ƙera irin wannan manhaja ya haddace. A cikin gwajin, inda masu bincike ke kiran mahalarta a waya duk mako, wajen ɗaya cikin biyar ne suka kammala darussan biyar. A cikin dubban jama'ar da suka shiga shafin da kansu kuwa, ba wanda ke bibiyarsu, waɗanda suka kammala ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Gunther Eysenbach ya yi amfani da wannan misali a 2005 ya nuna cewa zubewar masu amfani ɗabi'a ce ta irin waɗannan kayan aiki. Zuwan wayar zamani bai gyara ba. Wani nazari na 2019 a kan manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93 ya tarar bayan kwana 30 da saukewa, kusan kashi uku cikin ɗari ne kawai ke buɗe su. Ka duba wayarka ma, manhaja nawa ka sauke da kyakkyawar niyya ka manta? Bare wanda ciwon damuwa ya riga ya cinye masa kuzari. Shi ya sa David Mohr na jami'ar Northwestern da abokan aikinsa suka yi ta jaddada cewa a haɗa manhaja da mutum, ko da mai tura gajeren saƙo ne sau ɗaya a mako, wanda ɗalibi ya san zai tambaye shi ina aka kwana.

Wasu kuma suka ce tunda ɗalibi ba zai buɗe manhaja ba, bari wayar ta riƙa lura da shi. A 2013 Andrew Campbell na kwalejin Dartmouth ya bibiyi ɗalibai 48 tsawon zangon karatu na mako goma, a binciken StudentLife. Wayoyin suka riƙa auna barci da motsi da wuraren zuwa da yawan hira. An ga alaƙa tsakanin ƙarancin barci da ƙarancin hira da alamun damuwa. Bincike ne mai ban sha'awa, amma ka tambayi kanka: idan jami'a ce ke riƙe da wannan bayani, ita ce kuma ke ba da maki da ɗakin kwana, wa zai yarda? An ga ɗanɗanon haka a 2014, lokacin da ƙungiyar Samaritans ta Birtaniya ta fitar da wata manhaja mai karanta saƙonnin Twitter tana sanar da abokan mutum idan ta ga alamar ƙunci. Ba a nemi izinin waɗanda ake sa wa ido ba, kuma masu cin zarafi ma za su iya amfani da ita. Ba ta cika kwana goma ba aka dakatar da ita.

A 2017 jikar ELIZA ta iso. Woebot, wadda Alison Darcy ta ƙirƙiro, tana koyar da CBT ta hira a Facebook Messenger, da amsoshin da ƙwararru suka rubuta tun da farko. Gwajinta na farko an yi shi da matasa 70 na jami'a, 'yan shekara 18 zuwa 28, na mako biyu, aka kwatanta su da waɗanda aka ba littafin bayani su karanta. Masu hira da Woebot sun fi samun sauƙin alamun damuwa. Mutum 70 da mako biyu, kuma mai kamfanin na cikin marubutan: mafari ne, bai kai hujjar da aka yi ta yayatawa ba. A ƙarshen Yunin 2025 aka rufe manhajar, a daidai lokacin da ɗalibai suka koma kai kukansu ga irin su ChatGPT, waɗanda ba don wannan aiki aka ƙera su ba.

A Maris na 2025, masu bincike a Dartmouth suka wallafa gwajin Therabot, manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira da aka horar musamman don wannan aiki. Manya 210 ne suka shiga, kusan rabi aka ba su manhajar, sauran suka zauna a layin jira, kuma alamun damuwa sun ragu sosai a wajen waɗanda suka yi amfani da ita. A duk tsawon gwajin, ma'aikatan binciken na karanta hirarrakin, a shirye su tuntuɓi duk wanda ya ambaci cutar da kansa.